Dogon sha'ir ya kwanta, gajeren ya makara: wanne zan riƙe?

Bappa Usmanu (Dadin Kowa): Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Dan Allah a yi haƙuri da tsawon rubutu, abu ne ya ɗaure min kai nake so masana cikinmu su kwance min. Bana da na cire shinkafa sai na ware fangali goma sha biyu a gefen alkamata na zuba sha'ir, iri biyu ne wani ƙanina ya zo min da su daga tafiya, a leda aka ba shi ba suna, an dai ce masa ɗaya dogo ɗaya gajere. Rana ɗaya na shuka su 10 ga Disamba, ruwa ɗaya suke sha taki ɗaya. Dogon ya taso gwanin sha'awa ya kai min ƙugu ya fitar da kai da wuri ina ta murna, ranan na yi ban ruwa da la'asar aka kwana ana iska, da safe na zo na tarar da rabinsa a kwance kamar an shimfiɗa tabarma, wallahi sai da na zauna a kan kunya na kasa magana. Gajeren ko gezau, iyakarsa gwiwa da ɗan ɗoriya, ya yi 'ya'ya ya cika fangali, amma sai da ya ƙara kusan sati kafin ya fitar da kai, zafi ya shigo ya same shi yana nono. Jiya na murza zangarniya a tafin hannu na hure, ƙwayar sirara duk ta motse. To ni yanzu wanne zan ajiye iri?

Maman Nana (Fantami): Wa alaikumus salam Bappa, Allah ya mayar da alheri. Ni dai ban taɓa sanin ana noma sha'ir a Gombe ba, wanda nake haɗa talbina da shi saye nake da tsada a wajen masu kayan islamik. In ya rage ko yaya ne ina so.

Ɗanjuma malamin gona: Bappa ranka ya daɗe kafin mu ɗora wa iri laifi, buhu nawa na yuriya ka zuba kuma yaushe? Sannan 10 ga Disamba ai ka makara, mu kullum abin da muke faɗa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba a gama shukar alkama, sha'ir ma hakan ne.

Bappa Usmanu: Yadda na yi wa alkama haka na yi masa, kamfa lokacin shuka, yuriya sau biyu. Makara kam na makara ban musa ba, shinkafar ce ba ta tashi da wuri ba. Amma ai tare suka makara Ɗanjuma, me ya sa ɗaya ya riga ɗaya fitar da kai?

Ɗanjuma malamin gona: To ka gani, sha'ir ba ya ɗaukan yuriya kamar alkama, karansa ya fi rauni. Ka cika masa taki, ka jiƙa ƙasa, iska ta zo, dole ya faɗi.

Malam Habu (Tudun Wada): Salam. Na jima ina karantawa. Maganar Ɗanjuma gaskiya ce amma ba ta amsa tambayar Bappa ta ƙarshe ba, kuma tambayar nan ita ce masu fitar da iri a Turai suka yi shekaru suna fama da ita. Bari in fara daga tushe. A jikin kowace shuka akwai wani sinadari da ake kira jibaralin, shi ne yake sa gaɓoɓin kara su miƙe. Yadda aka gano shi ma a shinkafa ne a Japan, akwai wata cuta da take sa shinkafa ta yi tsawon banza ta yi fari ta faɗi, a 1926 wani masani Kurosawa ya nuna cewa wani abu ne ƙwayar cutar take fitarwa yake jawo tsawon, daga baya aka gane ashe ita ma shukar tana haɗa nata da kanta. To a sha'ir akwai wata ƙwayar gado da ake kira sdw1, wasu na ce mata denso, aikinta taimakawa wajen haɗa wannan sinadarin. In ta samu naƙasa sai sinadarin ya ragu, gaɓoɓi su gajarce, kara ya rage tsawo da kamar santimita 10 zuwa 20, shuka ta yi 'ya'ya da yawa, tana ƙarama ma za ka ga ta ɗan baje a ƙasa kafin ta miƙe. Inda gizo ke saƙar shi ne jibaralin ɗin nan ba kara kaɗai yake ja ba, da shi zangarniya take girma tun tana cikin ciki, da shi kuma gaɓar ƙarshe take turo ta waje. Shi ya sa sha'ir mai sdw1 sananne ne da ƙara 'yan kwanaki kafin ya fitar da kai, kuma ƙwayarsa takan ɗan fi ƙanƙanta. Abin da Bappa ya siffanta ya yi kama da wannan sosai, duk da cewa tabbatarwa sai an kai ganyen ɗakin gwaji.

Bappa Usmanu: Ikon Allah. Wannan bajewar da ka faɗa wallahi na gan ta, har na ɗauka ciwo ne na so in yi feshi.

Sadiƙu ɗalibi (Kashere): Malam Habu Allah ya ƙara ilimi. Amma in dai haka ne to me ya sa Turawa suka rungume shi? mu a aji an ce mana gajeren iri shi ya kawo juyin noma, ya ƙara amfani ba ragewa ba

Malam Habu: Sadiƙu ba a faɗa muku ƙarya ba. Ka duba abu biyu. Na farko dogon kara kamar gora ce da ka ɗaura wa dutse a kai, iska kaɗan za ta rinjaye ta, kuma kana ƙara taki tana ƙara tsawo kai na ƙara nauyi, to manomi ya kai wani mataki da taki ya zama masa asara. Da aka gajarta karan sai aka samu damar zuba taki shuka na tsaye. Na biyu abincin da ganye yake haɗawa a da rabo ake tsakanin kara da ƙwaya, tsofaffin iri kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyinsu yake zama hatsi, na zamani ya kusa rabi. To a ƙasar da damina ke da sanyi da tsawo, kwana huɗu ko biyar da shuka ta ƙara ba komai ba ne, riba ce ma, don ta samu lokacin tara 'ya'ya da ƙwayoyi, yawan ƙwaya sai ya rufe ƙanƙantarta. A Cekosulobakiya aka fitar da wani iri Diamant a 1965, ya gaza uwarsa Valticky da kamar santimita 15, daga jikinsa aka samo Trumpf a Jamus ta Gabas a 1973, jikokinsa sun wuce iri ɗari a Turai. Diamant da Trumpf duk sdw1 ne. Amma mu nan fa sanyinmu aro ne, hunturu wata uku ne da 'yan kai, ƙarshen Fabrairu zafi ya fara kunno kai, Maris kuwa sai dai a yi shiru. Kwanakin da suke riba a can su ne suka ci Bappa a nan.

Ɗanjuma malamin gona: Shi ya sa na ce makara ce. Da ya shuka 15 ga Nuwamba ko sati biyu gajeren ya ƙara ba abin da zai same shi.

Malam Habu: Na yarda da rabi. Amma Ɗanjuma kai ka fi ni yawo a fadamun nan, mutum nawa ne suke iya shuka a 15 ga Nuwamba? Shinkafar damina tana gona, kuɗin man inji bai zo ba, irin ma sai a makare yake isowa. Iri da ba ya yafe makarar sati biyu ba irin manominmu ba ne komai kyansa a takarda.

Ɗanjuma malamin gona: A'a Malam a nan kam ban bi ka ba. In muka ce iri ne zai riƙa bin sakacinmu ba za mu taɓa gyarawa ba. Akwai shinkafa mai kwana 90 zuwa 100, a shuka ta da wuri a cire da wuri. Ni na ga mutanen da suke yi kuma alkamarsu tana fin ta kowa.

Bappa Usmanu: Ɗanjuma ba sakaci ba ne ɗana. Ruwa ya kwanta min a gona har ƙarshen Oktoba, ko tarakta ba ta shiga balle shanu.

Ɗanjuma malamin gona: Afuwan Bappa ba da kai nake ba, a yafe ni.

Jauro Buba (Kwami): Ni duk maganan nan da kuke yi ba wanda ya tuna da dabba. Kuna ta murna kara ya gajarta, mu kuma karan shi ne rabin amfanin gona a wajenmu. Watan uku watan huɗu in ciyawa ya ƙare ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhun dusa da harawa ka ji. Na taɓa karɓan wani gajeren dawa na shuka, hatsi ya yi ba laifi amma da na tara karan ko wata ɗaya bai kai shanuna ba, matan gida ma suka ce ba na girki ba na danga. Tun daga nan na koma farfara na.

Maman Nana: Gaskiya ne Jauro, mu ma a ƙauyenmu da kara ake girki har a yi toka

Malam Habu: Jauro Allah ya ja zamaninka, maganarka babba ce kuma masu bincike sun daɗe da gane kuskuren auna hatsi kaɗai. Shi ya sa ma ba a ce gajere ƙurmus ake nema ba, matsakaici ake nema. In aka tara ƙwayoyin gajarta biyu uku a shuka ɗaya sai ta zama wada, zangarniya ta maƙale a cikin ganye ta kasa fita, ciyawa ta fi ta tsawo ta shanye ta, amfani ya faɗi. A Maroko da Habasha inda talaka yake noma sha'ir don kansa da dabbarsa har yau dogayen iri na gado suna da daraja saboda karan, kuma a shekarar fari gajere yakan ƙara gajarcewa har yankansa ya yi wahala. Amma kan dawa akwai wani bambanci mai kyau da nake so ku lura. Tsawo iri biyu ne. Akwai tsawon yawan gaɓa akwai tsawon gaɓar kanta. Farfara da kaura na gargajiya suna jiran rana ta gajarta ne kafin su yi ciki, duk tsawon damina suna ta ƙara gaɓa, shi ya sa suke kai mita uku huɗu, kuma hikimar ita ce su fitar da kai daidai ɗaukewar ruwa kada ƙwaya ta yi baƙi. Su kuma ƙwayoyin gajartar dawa guda huɗu da masana Quinby da Karper suka bayyana a Amurka a 1954, tsawon gaɓa suke ragewa, ba sa taɓa lokacin fure. Ka ga a dawa ana iya raba gajarta da makara cikin sauƙi, a sdw1 na sha'ir kuwa tare suke tafiya don tushensu ɗaya.

Kawu Sale (Bajoga): Ni fa tun ɗazu nake son in yi magana. Duk wannan ƙwayar gado da ake ta faɗa ba shi ne GMO ɗin da ake ta gargaɗi a kai ba? An taɓa halittan Allah an gajarta, ka shuka bana baɗi ya ƙi fita sai ka koma ka saya wajensu. Bappa ka yi hankali da irin da ba suna.

Sadiƙu ɗalibi: Kawu ba shi ba ne wlh, wannan tun kafin a san GMO ne

Kawu Sale: Yaro bari manya su amsa.

Malam Habu: Kawu tambayarka a kan hanya take kuma ba zan ɓoye maka komai ba. GMO shi ne a ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa a wata a ɗakin gwaji, wannan sai a shekarun 1980 aka fara iya yi wa shuka. Gajerun sha'ir sun girme shi. Wasu haka Allah ya fitar da su a gona manomi ya gani ya ware, kamar wanda ake kira uzu da mutanen Japan da Koriya da Sin suka daɗe suna nomawa, da denso na asali da aka tsinta a Danmak. Wasu kuma gaskiya mutum ya sa hannu, an haska wa iri hasken nan na hoton ƙashi da ake yi a asibiti ko makamancinsa mai ƙarfi, aka shuka dubbai aka zaɓi wanda ya fito gajere mai kyau, Diamant haka aka same shi, da Golden Promise na Birtaniya da aka samo daga wani iri Maythorpe a 1956. Ba a sa masa komai daga waje ba, nasa ne hasken ya sauya, kuma hasken ba ya zama a cikin ƙwaya kamar yadda ba ya zama a jikinka in an ɗauke ka hoton ƙirji. Maganar ƙin fita baɗi kuma, sha'ir kansa yake yi wa barbara tun furen bai buɗe ba, kamar alkama da shinkafa, don haka in ka ajiye iri abin da ka shuka shi za ka girba, sai dai in ka bari ya gauraya a masussuka.

Kawu Sale: To na ji. Amma ni hasken nan bai kwanta min ba har yanzu. Abin da Allah ya fitar da kansa daban, wanda aka ƙona da wuta daban.

Malam Habu: Ba zan matsa maka ba Kawu. Abu ɗaya kawai, shinkafar da muke shukawa a fadamun nan da alkamar da ake rabawa kusan duk gajeru ne, kuma nasu gajartar daga gonar manoma ta fito ba daga haske ba. Ta shinkafa daga wata 'yar Taiwan ce Dee-geo-woo-gen, da ita aka haɗa shinkafar IR8 a Filifin a 1966, kuma abin mamaki ƙwayar da ta lalace a cikinta 'yar uwar sdw1 ce ta sha'ir, aiki ɗaya suke yi. Ta alkama daga Norin 10 ce ta Japan, aka kai ta Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, Norman Borlaug ya yi aiki da ita a Meksiko har ya samu kyautar Nobel a 1970. Alkamar nan da ake ce wa Norman sunansa ta ci.

Bappa Usmanu: Allahu akbar, Norman ɗin ce ma a gonata yanzu haka. To ita me ya sa ba ta makara ba tunda ita ma gajera ce?

Malam Habu: Yauwa Bappa ka zo wajen. Hanyar gajartar ce ta bambanta. Sha'ir mai sdw1 sinadarin ne ya yi masa kaɗan, in ka fesa masa jibaralin zai miƙe ya kamo dogon. Ita alkama mai jinin Norin 10 tana da sinadarin isasshe, jinsa ne ba ta yi sosai, ko ka fesa ba ta kulawa, kuma wannan bai cika taɓa lokacin fitar kanta ba. Amma kowane allazi da nasa amanu, ita nata aibin a tsiro yake, hular nan da take rufe tsiro ta huda ƙasa da ita gajera ce, in ka binne iri da zurfi sai ganyen ya buɗe a cikin ƙasa ya mutu. Shi ya sa malaman gona suke cewa kada a wuce santimita 3 zuwa 5. Shi kuma uzu gajartarsa ta wani sinadari ce daban ba jibaralin ba, ganyensa a tsaye cak, ana iya cusa shi da yawa a fangali, amma yana jin zafi, in yanayi ya yi ɗumi gajartarsa sai ta wuce misali, ni ba zan ba mutumin Gombe shawarar sa ba. Golden Promise kuma tasa ƙwayar daban ce ana kiranta ari-e, gajere ne mai tauri kuma mai saurin nuna, shi ya sa mutanen Sukotland suka riƙe shi shekaru don nasu lokacin ma gajere ne, sai dai ƙwayarsa ƙanana ce kuma yana kama cutar farin ƙura a ganye. Kun ga gajere suna ne kawai, a ƙarƙashinsa akwai hali kala kala.

Ɗanjuma malamin gona: Maganar zurfi gaskiya ce. Bara wani ya kira ni wai an sayar masa da mataccen iri, na je na tona da yatsa na tarar da tsiron a naɗe rawaya a ƙasa kusan rabin taƙi, ashe da garmar shanu ya rufe.

Alhaji Garba (Kumo): Ni tambayata daban ce. Wannan sha'ir ba da shi ake yin giya ba? Me zai kai musulmi nomansa

Maman Nana: Haba Alhaji, sha'ir fa abincin Manzon Allah ne SAW, a zakkar fidda kai ma sa'i na dabino ko sa'i na sha'ir aka ambata. Talbina da ake ba marar lafiya da mai baƙin ciki da shi ake yi. Dawa ma ai ana burkutu da ita ba wanda ya daina tuwo.

Alhaji Garba: Sallallahu alaihi wa sallam. Na karɓa Hajiya, ban san shi ne sha'ir ɗin hadisi ba

Malam Habu: Kuma mafi yawan wanda ake nomawa a duniya dabbobi ne suke ci, shi ne hatsi na huɗu bayan masara da alkama da shinkafa. Lemon malt ɗin nan marar giya ma da shi ake yi. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir wato malt, kamfanoni suka koma kan dawa, a nan gajerar kaura SK5912 ta cibiyar bincike ta Samaru Zariya ta samu kasuwa. A ƙasar nan cibiyar binciken tafkin Chadi da ke Maiduguri ita aka ɗora wa alkama da sha'ir da gero, duk mai son iri mai suna can ya kamata ya fara tambaya.

Maman Nana: Malam ni matsalata ƙaiƙayi. Wani in na saya sai na jiƙa na surfa na surfa hannu ya yi ja bai fita ba, wani kuma tas yake zuwa kamar alkama. Shi ma gajartar ce?

Malam Habu: A'a Hajiya wannan wata ƙwayar gado ce daban ba ruwanta da tsawo. Yawancin sha'ir ɓawonsa manne yake da ƙwaya, akwai kuma mai tsiraici da yake zubar da ɓawon wajen bugu, shi ake ci a Tibet da wasu sassan Habasha da Japan. Amma wani tas ɗin da kike gani inji ne ya goge shi. Abin da ya shafe ki a maganarmu shi ne girman ƙwaya, siririya ɓawo ya fi gari yawa.

Sadiƙu ɗalibi: Malam to ba za a iya haɗa saurin dogon da tsayuwar gajeren ba? a aura su kawai

Malam Habu: Aikin kenan Sadiƙu, kuma in kana neman abin da za ka yi furojet a kai ga shi a gonar Bappa. Ana buɗe furen uwa da ɗan hantsaki tun yana kore a cire mazan guda uku, a rufe da takarda, bayan kwana biyu uku a kawo garin furen uban a zuba. 'Ya'yan farko duk dogaye za su fito don sdw1 mai lafiya tana rinjayar mai naƙasa, kada ka karaya, ka sake shuka su, a jikoki kusan ɗaya cikin huɗu zai fito gajere. To a cikin gajerun nan za ka riƙa bi kullum da safe da zare kana ɗaure wanda ya riga fitar da kai. 'Yan kwanakin da sdw1 take ƙarawa ba za ka cire su ba, amma lokacin fure ba ita kaɗai ke riƙe da shi ba, akwai wasu ƙwayoyin na sauri da za su biya bashin. Sha'ir ɗan doguwar rana ne, akwai ƙwayar gado Ppd-H1 da take gaggauta shi in yini ya yi tsawo, mu kuma a hunturu yininmu bai cika awa 12 ba don haka ba ta samun abin da take so, abin da ya fi mana shi ne irin da bai damu da tsawon yini ba, kamar Mari da aka fitar a Suwidin a farkon shekarun 1960. Kuma a kiyayi irin hunturun Turai, wannan sai ya sha makonni na sanyi mai tsanani kafin ya yi ciki, a nan zai yi ta ganye ne kamar ciyawa har zafi ya ƙone shi. Kafin iri ya zauna ya daina rarrabuwa sai an yi zuriya shida bakwai, da gwaji da komai shekara takwas zuwa goma.

Sadiƙu ɗalibi: Shekara goma!! to Allah ya ba mu tsawon rai, ni dai ina so in fara

Jauro Buba: In za ku yi ku bar mana kara ya kai cinya ko yaya. Kuma ku duba gashin kan nan, yana soke bakin dabba.

Bappa Usmanu: To Malam ni dai ba ni da shekara goma a hannu, baɗi nake tambaya. Wanne zan ajiye?

Malam Habu: Duka biyun Bappa, kowanne a buhunsa, kada a buga su a shimfiɗa ɗaya. Kafin ka yanke ka ciro kara goma goma ka ƙirga gaɓoɓi ka auna, sannan ka auna mudu nawa kowane fangali ya bayar har da wanda ya kwanta, don ido yana ruɗi, sau da yawa mai siririyar ƙwaya yakan fi a mudu saboda yawan zangarniya. Baɗi ka raba, rabi a tsakiyar Nuwamba a tudun da ruwa ba ya kwanciya, rabi a lokacin da ka saba.

Ɗanjuma malamin gona: Dogon kuma ka rage masa yuriya ka ba shi da wuri kafin ya fara gaɓa, in ya fitar da kai kada ka yi ban ruwa ranar da ka ga alamar iska. Ni zan zo da kaina ranar awo in sha Allah, ina so in ga ko maganata ce ko ta Malam.

Kawu Sale: Ni dai dogon za ka ɗiban min Bappa.

Bappa Usmanu: Kowa zai samu in Allah ya yarda. Yanzu na dawo daga gonar, na ƙirga, gaɓa biyar biyar ne duka, na gajeren ne dai gajeru musamman na ƙasa. Ɗanjuma ranar Asabar zan yanka, ka zo da sikelinka, Sadiƙu in kana gari ka biyo shi. Hajiya naki mudu biyu zan ba direban da yake lodi a tashar Dadin Kowa, ki turo min lamba ta akwati.